Hanyar zama farfesan tsohon adabin Ingilishi da adabin duniya

Wata ɗaliba da ke ajin ƙarshe a sashen Ingilishi ta aiko da tambaya. Ta ce tun da aka ɗan gutsura musu Chaucer a aji biyu, hankalinta ya koma kan adabin ƙarnonin tsakiya, wato abin da aka rubuta daga wajen shekarar 500 zuwa 1500. Tana so ta zama malamar jami'a a wannan fanni, ta haɗa shi da adabin duniya. Amma duk wanda ta gaya wa sai ya ce ta rufa wa kanta asiri ta koma adabin Afirka, inda ake samun mai duba aiki da littattafai a kusa. Tana so ta ji ko hanyar tana ɓullewa.

Tana ɓullewa, ƙanwata, sai dai doguwa ce, kuma ba iya Turanci ne jarinta ba. Jarinta harsuna ne da iya karanta rubutun hannu. Wanda ya shiga da Turancin zamani kaɗai, komai kyansa, zai ƙare yana maimaita abin da masu fassara suka ce. Don haka da harsuna za mu fara.

Ingila ta wancan zamani ba da harshe ɗaya take rubutu ba. Kafin 1066 akwai Tsohon Ingilishi, wanda Baturen yau ba ya fahimta sai ya koya kamar baƙon harshe. A 1066 Normawa suka ci ƙasar da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon lokaci, Latin kuma ya ci gaba da zama harshen coci da ilimi. Ingilishin da ya farfaɗo bayan haka, wanda Chaucer ya rubuta da shi kafin rasuwarsa a 1400, shi ake kira Ingilishin Tsakiya. Ke nan harsuna huɗu ne a gabanki tun kafin ki ƙetare tekun Ingila. Daga baya za ki buƙaci ki iya karanta Jamusanci ko Faransancin zamani, saboda manyan ayyukan bincike da yawa da su aka rubuta.

Kada yawan ya tsorata ki, ba a lokaci ɗaya ake ɗaukarsu ba. Ki fara da Ingilishin Tsakiya, shi ya fi kusa. Ki nemi bugun Riverside Chaucer, ki karanta gabatarwar Canterbury Tales da babbar murya, baiti ashirin ko talatin a rana, ba tare da leƙa fassara ba sai kin gama naki ƙoƙarin. Ƙamus ɗin Ingilishin Tsakiya na Jami'ar Michigan yana intanet kyauta, haka ma jerin matanonin da Jami'ar Rochester ke bugawa. Bayan wasu watanni ki ɗauki littafin Mitchell da Robinson na koyon Tsohon Ingilishi, ki riƙa duba ƙamus ɗin Bosworth da Toller, shi ma kyauta ne. Amma Latin shi ne ƙashin bayan aikin. Shi ya fi cin lokaci, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi ɗagawa zuwa gobe har ya zo ya tare musu hanya a tsakiyar digirin digirgir. Cibiyar nazarin ƙarnonin tsakiya ta Jami'ar Toronto a Kanada tana da jarrabawar Latin mai hawa biyu da masana fannin ke girmamawa. Ki sa ta a gabanki a matsayin ma'auni ko da ba can za ki yi karatu ba. Rabin awa kullum bayan asuba ya fi kwana guda cur a ƙarshen mako.

Idan kin yi Islamiyya ko kin zauna gaban malamin zaure, kina da abin da yawancin abokan karatunki na Turai ba su da shi. Wanda ya karanta Ajurumiyya ya san yadda ƙarshen kalma ke sauyawa gwargwadon aikinta a cikin jimla. Latin da Tsohon Ingilishi haka suke aiki, kuma wannan ne ke ba masu Turanci wahala a farkon karatu. Ke kuwa kin riga kin saba da tunanin.

Abin ma ya wuce nahawu. Mu a nan muna karanta adabin ƙarnonin tsakiya da ransa, ba a gidan tarihi ba, sai dai ba mu kiransa da wannan suna. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu, Alfazazi ne ya tsara asalinta, mutumin Andalus da ya rasu a 1230. Ashafa ta Alƙali Iyal, wanda ya rasu a 1149, har yau ana karanta ta a majalisai. Maƙamatul Hariri, wadda manyan almajirai ke gwada ƙarfin lugga da ita, marubucinta ya rasu a 1122. Mai Risala, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya rasu a 996, kusan lokacin da wasu marubuta biyu a Ingila ke kwafe kundin da ya adana mana waƙar Beowulf. Farfesa a Amurka sai ya yi dogon bayani kafin ɗalibansa su gane yadda ake haddace littafi, a karanta shi gaban malami, a rubuta sharhi a gefen shafi, a karɓi ijaza. Ke kin ga ana yi da idonki. Ina roƙonki kada ki yar da Larabcinki don kina ganin ba shi da alaƙa da sashen Ingilishi. Ki ƙara masa ƙarfi har ki iya karanta matani ba wasali ba tare da tangarɗa ba.

Alaƙar tana nan a cikin adabin Ingila kansa. A gabatarwar Canterbury Tales, inda Chaucer ke lissafa malaman da likitansa ya karanta, akwai Ibn Sina da Razi da Ibn Rushdi. Wajen 1391 ya rubuta wa ƙaramin ɗansa littafi kan usturlabi, na'urar auna taurari, ya dogara da wani aikin Latin da ake dangantawa da Masha'allah, masanin taurari na zamanin Abbasiyawa. Wani Bature ɗan Ingila, Robert na Ketton, shi ya fara fassara Alƙur'ani zuwa Latin a 1143. Tun kafin nan ma, Sarki Offa na Mercia, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ya sa an buga kuɗin zinariya da aka kwaikwayo daga dinarin Halifa Mansur, da kalmar shahada a jiki da sunansa a tsakiya, kuma kuɗin yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Petrus Alfonsi, Bayahuden Andalus da ya koma Kirista a 1106, ya tattara labaran hikima na Larabawa cikin Latin, suka bazu a Turai har masu wa'azi suna kafa misali da su. Labarin Barlaam da Josaphat, wanda Kiristocin Turai suka ɗauka tarihin waliyyai ne, asalinsa labarin Buddha ne da ya bi ta Larabci da harshen Jojiya da Girkanci da Latin kafin ya shiga Ingilishi. Kowanne cikin waɗannan ƙofa ce ta bincike, kuma masu iya riƙe harsunan ɓangarorin biyu ba su da yawa.

Masana sun daɗe suna nuna wannan. María Rosa Menocal, wadda ta koyar a Yale, ta fitar da littafi a 1987 kan rawar da Larabci ya taka a tarihin adabin Turai na wancan zamani, tana cewa an yi watsi da ita. Geraldine Heng, 'yar asalin Singafo da ke koyarwa a sashen Ingilishi na Jami'ar Texas a Austin, ita ce kan gaba wajen kiran a nazarci ƙarnonin tsakiya na duniya baki ɗaya, ba na Turai kaɗai ba, kuma littafinta na 2018 kan yadda Turawan wancan lokaci suka ƙirƙiro bambancin launin fata da jinsi ya tayar da muhawara mai zafi. A ɓangaren adabin duniya, David Damrosch na Harvard ya bayyana shi a littafinsa na 2003 a matsayin duk rubutun da ya fita daga gidansa ya yi rayuwa a wani wuri. Ki karanta su, ki kuma karanta masu sukarsu, domin akwai masu ganin cewa adabin duniya kan zama karatun komai cikin fassarar Turanci ba tare da sanin ko ɗaya da kyau ba. Sukar tana da gaskiya a cikinta. Ra'ayina shi ne ki kafu a wuri ɗaya tukuna, ki zama wadda za a iya tambaya kan Chaucer ko kan waƙoƙin Tsohon Ingilishi ta ba da amsa daga matani, sannan ki miƙa hannu waje.

Sai rubutun hannu. Waƙar Beowulf, mai layi 3,182, a kundi guda tak ta tsira. A 1731 gobara ta tashi a gidan da kundin yake ajiye a Landan, wuta ta lashi gefen shafukan, daga baya gefen ya riƙa marmashewa yana tafiya da haruffa. Wasu kalmomin yau ba a san su ba sai ta kwafin da wani ɗan Iceland mai suna Thorkelin ya yi, ya kuma sa aka yi masa, a ƙarshen ƙarni na 18. A layi na 1939 hannun marubuci na farko ya tsaya, na biyu ya karɓa, kuma ana ganin sauyin a siffar haruffa da yadda ake rubuta wasu kalmomi. Duk wanda ya buɗe bugun zamani mai tsabta ba zai ga wannan ba. Zai ɗauka haka waƙar ta sauko. Aikin masani shi ne ya san inda edita ya cike gurbi da hasashe, ya iya komawa hoton shafin ya yanke nasa hukunci. Canterbury Tales kuwa matsalarta akasin haka ce: kundaye sama da 80 ne, cikakku da gutsattsari, ba su jera labaran iri ɗaya ba, kuma biyu mafi daraja ɗaya yana Wales ɗaya yana California.

Wannan ilimi ana fara koyonsa daga gida yanzu. Ɗakin karatu na Parker a Cambridge da na Bodleian a Oxford da babban ɗakin karatu na Faransa sun sa hotunan kundaye masu yawa a intanet. Ki zaɓi shafi ɗaya wanda kina da bugunsa, ki kwafe shi harafi bayan harafi da hannunki, sannan ki gwada da bugun. Ranar farko layi biyar za su iya cinye miki awa guda, saboda marubutan suna taƙaita kalmomi da 'yan alamomi a saman haruffa, kuma akwai haruffan da Ingilishi ya daina amfani da su. Da sannu ido ke sabawa. Idan kina da hali, ki je Gidan Arewa a Kaduna, ko ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ko sashen rubuce-rubucen hannu na cibiyar binciken Jami'ar Yamai, ki nemi izinin zama da takardu na gaske. Ki lura da tawada, da kalmar da ake rubutawa a ƙasan shafi don a san wanda ke biye, da bayanin da mai kwafi ke sawa a ƙarshe. Dabarun ɗaya ne da na Turai. Amma ki kiyaye wani kuskure: yawancin takardunmu na ƙarni na 18 da na 19 ne, ba na ƙarnonin tsakiya ba, kuma mai duba takardar neman gurbinki zai gane idan kin cakuɗa. Abin da ya shiga wancan zamani daga yankinmu kaɗan ne amma mai nauyi. Akwai mawaƙi Ibrahim Alkanemi da ya yi waƙa da Larabci a fadar Marrakesh wajen ƙarshen ƙarni na 12. Akwai wasiƙar da Mai na Borno ya aika wa Sarkin Masar Barƙuƙ wajen 1391, wadda Alƙalƙashandi ya adana a littafinsa. Akwai kuma nasihar mulki da Almaghili ya rubuta a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarshen ƙarni na 15. Turai ma tana da irin waɗannan littattafai na yi wa sarakuna nasiha, kuma kwatanta su aiki ne na gaske.

Game da matakan karatu, kundin digirinki na farko shi ne tubalin farko. Ki zaɓi abu ƙarami ki yi shi da kyau. Misali, tsarin labari cikin labari: yadda mahajjatan Chaucer ke ba da labarai a hanya, da yadda aku ke yi a Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wanda shi ma ya ɗebo daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai ya mayar da su Hausa. Malamin adabin Afirka zai iya duba irin wannan aiki, ke kuma kin sa ƙafa a fanninki. Digiri na biyu za ki iya yi a gida idan kin sami malami mai buɗaɗɗen tunani. Digirin digirgir kuwa, a gaskiya, zai fi kyau a inda ake koyar da harsunan da ilimin kundaye, domin sassan Ingilishi na jami'o'inmu sun fi ƙarfi a adabin Afirka da nazarin harshe. A Birtaniya shekara uku zuwa huɗu ne, kuma ana so ki zo da tsararren batu da malamin da ya yarda ya duba ki. York da Leeds da Oxford da Cambridge duk suna da ƙarfi a fannin. A Amurka yakan kai shekara biyar zuwa bakwai, ana fara shi da darussa da jarrabawar harsuna, kuma jami'o'in kirki suna yafe kuɗin makaranta su ba da alawus, ke kuma ki koyar da ƙananan azuzuwa. Yawanci a watan Disamba ake rufe karɓar takardu. Abin da ya fi nauyi a cikinsu shi ne samfurin rubutunki, shafi goma sha biyar zuwa ashirin, wanda ke nuna kin karanta matani a harshensa na asali. Ki nemi tallafin Commonwealth ko Fulbright, ko na Gates a Cambridge da Clarendon a Oxford. Tallafin TETFund na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, sai kin sami aiki tukuna. Shawarata mai ƙarfi: kada ki sayar da gona ko ki ci bashi don digirin digirgir a adabi. Idan ba su biya ba, ki sake nema baɗi da takardu mafi kyau.

Dole in gaya miki gaskiyar kasuwar aiki. A Amurka guraben dindindin a sassan Ingilishi sun ragu sosai tun rikicin tattalin arziki na 2008, kuma sashe guda sau da yawa masanin ƙarnonin tsakiya ɗaya yake ɗauka, ya zauna shekara talatin. Masu digirin digirgir da yawa suna koyarwa ne da kwantiragin zango zuwa zango, ba tabbas. Wanda ya dace da gurbin dindindin yana farawa a matsayin mataimakin farfesa, bayan kamar shekara shida a duba aikinsa, kuma a manyan jami'o'in bincike ana so ya fitar da littafi daga maɗaba'ar jami'a kafin a tabbatar da shi. A nan ne haɗa fannin da adabin duniya ke da amfani na zahiri: ƙananan kwalejoji suna neman wanda zai koyar da Chaucer da safe, da rana ya koyar da Gilgamesh da Alfu Laila da labarin Sunjata, ya kuma duba rubutun 'yan aji ɗaya. Ko J. R. R. Tolkien, wanda ya hau kujerar farfesan Tsohon Ingilishi a Oxford a 1925, ya fara ne da aikin ƙamus, sannan koyarwa a Leeds, kuma ya yi shekaru yana duba takardun jarrabawa lokacin hutu don ya ƙara abin cefane. Laccarsa ta 1936 kan Beowulf, wadda ta sa aka koma kallon waƙar a matsayin adabi ba ma'ajiyar tarihi kawai ba, ta zo ne bayan shekaru na aikin nahawu da gyaran matani.

A gida tsanin ya bambanta: daga mataimakin malami zuwa lakcara na biyu, na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma kowane hawa yana neman adadin maƙalu. Wannan ƙidaya ita ke tura mutane ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu. Ki guje su. Suna iya kawo ƙarin girma a wani wuri, amma duk masanin waje da ya ga sunansu a takardunki zai daina karantawa. Maƙala ɗaya a mujallar da masana ke tacewa, irin su Speculum ko mujallar ƙungiyar nazarin Chaucer, ta fi goma na waccan, ko da za ta ɗauki shekara biyu ana mayar miki da ita kina gyarawa. Ki kuma yi ƙoƙarin gabatar da takarda a ɗaya daga manyan tarukan fannin biyu, na Kalamazoo a jihar Michigan cikin watan Mayu, ko na Leeds cikin Yuli. Ana ba da tallafin tafiya ga wasu, ki nema da wuri saboda biza.

Akwai batun iyali, wanda ba a rubutawa a takardun jami'a. Wannan hanya za ta ci miki shekara goma ko fiye daga yau kafin ki zauna da ƙafafunki. Ki zauna da iyayenki, da mijinki ko wanda zai aure ki, ki faɗa musu tsawonta tun yanzu, da inda za ta iya kai ki. Mata da yawa sun yi ta da goyo a baya, amma da goyon bayan gida suka yi.

Shekarar bautar ƙasa ita ce damarki ta farko, kada ta tafi a banza. Ki gama littafin koyon Latin guda daga bango zuwa bango, ki gyara babi mafi kyau na kundinki ya zama samfurin rubutu, ki karanta sabbin maƙalun malamai uku ko huɗu da kike so su duba ki. Idan za ki rubuta musu, ki taƙaita: ki faɗi wane aikinsu kika karanta, wace tambaya kike son bi, waɗanne harsuna kike da su da matakin da kika kai a kowanne, ba ƙari ba ragi. Ki ambaci Larabcin da Hausar a layin farko, tare da sunayen littattafan da kika sauke gaban malami.